Wutar da Ba a Hura Ba: Waliyyin Asisi, Sarkin Masar da Wani Bango a Italiya

Ranar 3 ga Oktoba, 2026, ake cika shekara 800 da rasuwar Faransis na Asisi, ɗan attajirin nan mai fataucin yadi da ya tuɓe tufafinsa a bainar jama'a ya miƙa wa mahaifinsa, ya ce shi talauci ya zaɓa. Sunansa ne marigayi Fafaroma Faransis ya ara a 2013. Italiya ta daɗe tana shirin wannan rana, har majalisar ƙasar ta mayar da 4 ga Oktoba ranar hutu. Duk inda aka yi taron tunawa da shi kuwa, balle inda malamai da limaman coci ke zama a kan teburi ɗaya, akwai labarin da ba a tashi sai an ba da shi: yadda a 1219 ya ƙetare filin daga, ba takobi ba garkuwa, ya je gaban Sarkin Masar Alkamil, ɗan ƙanen Salahuddin Al-Ayyubi. Ganawar ta auku, masana ba sa jayayya a kan wannan. Abin da ya wakana a cikin tantin sarki shi ne ake ta ja-in-ja a kai, kuma babu abin da ya dagula lissafin kamar wani zane da ke bangon cocin da aka binne Faransis.

Na san wani mai karatu zai ce me ya kai ɗan Musulmi kallon hotunan coci. Hukuncin wannan na malamai ne, ni ba mufti ba ne. Abin da ya ja ni shi ne an zana wani sarkin Musulmi da malaman fadarsa a wurin tun shekara ɗari bakwai da suka wuce, jama'a na ta tururuwa suna kallo, kuma ya kamata a san yadda aka zana su da dalilin da ya sa.

Asisi ƙaramin gari ne a lardin Umbriya, a tsakiyar Italiya, maƙale a kafaɗar dutsen Subasiyo. Daga Rum tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin ƙasa, ka sauka a tashar da ke gindin tudu, ka hau bas. Tun daga nesa ake hango cocin a ƙarshen gari, a kan jerin manyan ginshiƙai kamar ganuwa. Ba a biyan kuɗin shiga, amma masu tsaron wurin ba su da wasa: kafaɗa da gwiwa a rufe, ba ɗaukar hoto, kuma da surutu ya yi yawa za ka ji an tsawata a yi shiru. Coci biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa duhu-duhu ne, rufinsa ƙasa-ƙasa kamar tsohon soro, ko'ina zane ne, aikin Simone Martini da Pietro Lorenzetti da wasunsu. Na sama dogo ne mai haske, rufinsa irin wanda maginanmu ke kira bakan gizo, an shafe wani sashe nasa da shuɗi an watsa taurarin zinariya.

Ba a ɓata lokaci ba wajen gina shi. Fafaroma Giregori na 9 ya ayyana Faransis waliyyi ranar 16 ga Yuli, 1228, ko shekara biyu bai cika a kabari ba, kashegari kuma ya aza harsashin ginin a kan wani tudu da ake kira Tudun Jahannama, domin nan ake kashe masu laifi. Aka sauya masa suna zuwa Tudun Aljanna. A 1230 aka kawo gawar, wanda ke kula da ginin, Ɗan'uwa Iliya, ya ɓoye ta a ƙarƙashin dutse don kada maƙwabta irin mutanen Feruja su sace. Ya iya ɓuya ƙwarai, domin sai a 1818 aka gano ta, bayan an kwana 52 ana haƙa. Mutumin da ya hana almajiransa ko taɓa kuɗi da hannu, ga shi kwance a ƙarƙashin ɗaya daga cikin gine-ginen da suka fi cin kuɗi a zamaninsa. Wannan saɓani bai taɓa barin ɗariƙarsa ta zauna lafiya ba, kuma za mu sake cin karo da shi.

Irin zanen da ya rufe bangayen nan Italiyawa na kiransa fresko, wato ɗanye. Duk wanda ya taɓa ganin magini a Zariya ko Damagaram yana zayyana a fuskar gida kafin yaɓe ya bushe ya riga ya fahimci rabin sirrin. Ana yaɓa farar ƙasa da aka ƙona aka kwaɓa da yashi, daidai faɗin da mai zane zai iya gamawa a yini guda, sai a shafa launin da aka jiƙa da ruwa tun yaɓen yana da danshi. Idan ya bushe, launin ya zama jikin bango, ba ya kankaruwa. Kuskure ba shi da magani sai a sassaƙe wurin a sake yaɓe. Yankin kowane yini yana barin ɗan layi inda ya haɗu da na jiya, shi ya sa masana ke iya ƙirga kwanakin aiki kamar mai ƙirga kunyoyi a gona. Wasu launuka ba sa jituwa da ɗanyen yaɓe, dole a ɗora su bayan ya bushe, kuma su ne ke fara zubewa. Babban mai zane Chimabuwe ya yi amfani da farin da aka haɗa da darma a zanensa na kusa da bagade, shekaru suka mayar da farin baƙi, yau fuskokin sun koma kamar tsohon fim ɗin hoto da ba a wanke ba.

A sahun ƙasa na bangayen cocin sama akwai zane 28 da ke ba da tarihin Faransis daki-daki, tun daga ƙuruciya har bayan mutuwa. Galibin maziyarta wurin wa'azinsa ga tsuntsaye suke cincirindo. Namu shi ne na 11. A hannun dama sarki ne zaune a kan gadon mulki, da fadawa a bayansa, ya miƙa hannu. A tsakiya Faransis ne, ƙafa ba takalmi, sanye da rigarsa ta gwado da igiya a ƙugu, wani ɗan ɗariƙarsa na tsaye a bayansa. A ƙasa wuta na ci bal-bal. A hannun hagu kuma wasu dattawa ne masu gemu, malaman sarki ke nan, sun juya baya suna sulalewa, ana ganin tsoro a fuskokinsu. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane saƙon: waliyyi ya ce a shiga wuta a ga mai gaskiya, malaman Musulunci sun tsere.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A nan kam ya kore shi, sai dai ba bisa gaskiya ba. Bari mu koma ga waɗanda suka ji da waɗanda suka gani.

A 1219 ana tsakiyar yaƙin Salibiyya na biyar. Faranjawa, kamar yadda marubutan Larabawa ke kiran mayaƙan Turai, sun yi shawarar cewa mabuɗin Ƙudus yana Masar, saboda haka tun watan Mayun 1218 suka yi wa Dimyaɗ ƙawanya, birnin da ke bakin wani reshe na kogin Nilu. Alkamil bai daɗe da gadon mahaifinsa Al-Adil ba, ga maƙarƙashiya a cikin hafsoshinsa, ga yunwa da annoba a cikin birnin da aka tsare. Ya kai har ya yi wa Faranjawa tayin ba su Ƙudus in za su fice masa daga Masar. Wakilin Fafaroma a sansanin, Kadinal Felajiyus, ya ƙi. Ranar 29 ga Agusta, 1219, Faranjawa suka kai hari suka sha mummunan kaye, aka ɗan tsagaita wuta ana aike-aike. A wannan tsakani ne, cikin watan Satumba, Faransis da abokin tafiyarsa suka nufi sansanin Musulmi. Wannan ne karo na uku da ya yi niyyar zuwa ƙasar Musulmi. Na farko iska ta karkatar da jirginsa, na biyu rashin lafiya ta tare shi a Sifen yana hanyar Maroko.

Shaidar farko ita ce ta Jacques de Vitry, bishop na Akka, wanda yake cikin sansanin Dimyaɗ a lokacin. Bai shiga tantin sarki ba, amma shi ne mafi kusa da ganau a cikin duk masu ruwayar. A wata wasiƙa da ya rubuta a farkon 1220 ya ce Faransis ya yi 'yan kwanaki yana wa'azi a sansanin Musulmi, bai samu wata nasarar kirki ba, sarki kuma ya roƙe shi a keɓe ya yi masa addu'a Allah ya nuna masa addinin da ya fi so. Iyakar abin ke nan. Babu wuta, babu malaman da suka gudu.

Ruwaya ta biyu tana cikin wani littafin tarihi na Faransanci da ake jingina wa Ernoul, wanda aka rubuta kimanin shekara goma bayan haka. Bai ambaci suna ba, ya dai ce wasu malaman coci biyu sun matsa wa Kadinal ya bar su su je, ya bar su ba da son ransa ba. A wannan ruwayar malaman sarki ba gudu suka yi ba: cewa suka yi ba za su zauna muhawara ba, kuma suka ba sarki shawarar ya sare kawunan baƙin. Sarki ya ce ba zai saka wa waɗanda suka sayar da ransu don ceton nasa ran da kisa ba. Ya yi musu tayin dukiya suka ƙi, aka ba su abinci suka ci, aka raka su har bakin sansaninsu. Nan ma ba wuta.

Na uku shi ne Toma na Chelano, ɗan ɗariƙar da Fafaroma ya sa ya rubuta tarihin waliyyin a 1228 zuwa 1229, lokacin da abokan Faransis ke raye. Ya ce sojoji sun kama shi sun lakaɗa masa duka, sarki kuma ya karɓe shi da girmamawa, ya saurare shi, ya yi mamakin yadda ya raina kyauta. Mutum ne da aka ɗora wa aikin tattara karamomi. Da akwai labarin wuta a bakin mutane, da shi ne zai fara dumbuzarsa. Bai kawo shi ba.

Sai bayan shekara arba'in da 'yan kai wutar ta bayyana, a littafin Bonabentura, shugaban ɗariƙar, wanda aka amince da shi a 1263. Lokacin da aka yi ganawar Dimyaɗ, Bonabentura ko dai yana goye ko ba a ma haife shi ba. Shi ne ya ce Faransis ya nemi a hura babbar wuta ya shiga tare da malaman sarki, sai wani dattijo daga cikinsu ya zame jiki ya fita. Da Faransis ya ce to shi kaɗai zai shiga, sarki ya ƙi, wai don tsoron boren jama'arsa. Masu kare wannan ruwaya suna cewa ai Bonabentura ya riski abokin tafiyar, Ɗan'uwa Illuminato, a raye, ƙila daga bakinsa ya ji. Yana yiwuwa. Amma ɗalibin da ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san abin da ake kira ƙari a kan ruwayar magabata, kuma ya san ana duban wanda ya zo da ƙarin da abin da zai amfana da shi. A lura kuma da wani abu: ko a wurin Bonabentura ba a hura wutar ba. Tayi aka yi, aka ƙi. Mai zanen Asisi ne ya ɗebo itace ya kunna ta.

Akwai wata hujjar da ni a ganina ta fi duka nauyi. Gwajin gaskiya da wuta ko tafasasshen ruwa ko jan ƙarfe tsohuwar al'adar Turai ce, 'yar'uwar shan gwaska da kakanninmu suka sani. A 1215, shekara huɗu kacal kafin Dimyaɗ, babban taron coci na Lateran na huɗu ya haramta wa limamai sa albarka a irin wannan gwaji. Faransis mutum ne mai tsananin biyayya ga Rum. Sannan ga abin da shi da kansa ya shimfiɗa a ƙa'idar ɗariƙarsa ta 1221, bayan ya dawo daga Masar: ya ce 'yan'uwan da za su zauna cikin Musulmi hanya biyu ce a gabansu. Ta farko, kada su yi gardama ko jayayya, su ƙasƙantar da kai ga kowa saboda Allah, su dai bayyana cewa su Kirista ne. Ta biyu, su yi wa'azi idan sun ga Allah ya yarda. Wanda ya rubuta haka shekara biyu bayan ganawar bai yi mini kama da wanda ya je fadar mutane yana kiran a hura wuta ba.

To me ya sa Bonabentura ya buƙaci wutar? Domin in aka bi ruwayoyin farko, tafiyar ta tashi a tutar babu. Faransis ya je neman ɗayan biyu, ko sarki ya karɓi Kiristanci ko shi ya yi shahada, ya dawo ba ko ɗaya. Almajiransa biyar da suka je Marrakesh suka dinga aibata Musulunci a fili, an kashe su a watan Janairun 1220, ɗariƙa ta samu shahidanta. Shi kuwa shugaba an ba shi abinci an rako shi gida. Ga mai rubuta tarihin waliyyi wannan giɓi ne da ke neman cikewa. Da labarin wuta, rashin nasara ya koma nasara: an kira abokan hamayya fili sun kasa fitowa. Ƙari a kan haka, ɗariƙar a lokacin ta rabu tsakanin masu cewa a tsaya kan talaucin asali da masu gina manyan coci-coci da shiga jami'o'i, kowane ɓangare da irin nasa Faransis. Bonabentura ya so a samu Faransis guda. A 1266 taron shugabannin ɗariƙar a Faris ya ba da umarnin a lalata duk tarihin waliyyin da aka rubuta kafin nasa. Littafin Toma na Chelano ya tsira ne saboda wasu kwafe da suka saura, galibi a ɗakunan karatun da hannun ɗariƙar bai kai ba. Da aka zo zanen bango, littafi ɗaya ne a hannun masu ba da aiki, kuma a ƙarƙashin kowane zane an rubuta taƙaitaccen bayani daga cikinsa.

Lokacin zanen ma yana da abin faɗa. An yi shi ne a wajajen 1290 zuwa 1300, wasu masana kuma na danganta tsarinsa da zamanin Nikolas na 4, ɗan ɗariƙar Faransis na farko da ya zama Fafaroma, wanda ya yi mulki daga 1288 zuwa 1292. A cikin mulkinsa ne, a watan Mayun 1291, Sarki Al-Ashraf Khalil ya ƙwace Akka, babban birni na ƙarshe da ya rage wa Faranjawa a gabar Sham. Turai na cikin jimamin an kore ta daga Ƙasa Mai Tsarki aka zana malaman Musulmi suna gudu a bangon Asisi. Abin da takobi ya kasa, buroshi ya biya.

Daga nan labarin ya yi ta ƙiba. Wajajen 1325 Giotto, wanda ake furta sunansa Jotto, ya zana shi a ɗakin ibadar iyalin Bardi da ke cocin Santa Croce a Fulorens, ya ɗora sarki a tsakiya da kwarjini, har da baƙaƙen fata biyu a cikin fadawansa. A ƙarshen ƙarni na 14 wani littafin hikayoyi mai suna Fioretti ya kai maganar maƙura, ya ce ai Alkamil ya karɓi baftisma a asirce a kan gadon mutuwarsa. Sarkin da ya gina makarantar hadisi ta Darul Hadisil Kamiliyya a Alƙahira, ya rasu a Dimashƙa a 1238 yana Musulminsa.

Su kuwa marubutan Larabawa ko kallo abin bai ishe su ba. Ibnul Asir, wanda ya rayu a zamanin ya kuma ba da labarin yaƙin Dimyaɗ filla-filla, bai ambaci wani baƙo mai rigar gwado ba. Abin da aka iya tonowa shi ne wata 'yar jimla a littafin Ibnuz Zayyat kan kaburburan Ƙarafa a Alƙahira, inda ya ce wani malamin sarki, Fakhruddin Alfarisi, yana da sanannen labari da wani rahibi. Masanin nan Bafaranshe Louis Massignon ya ce rahibin Faransis ne, har ya kwatanta tayin wutar da mubahalar da aka kira Kiristocin Najran zuwa gare ta. Hasashe ne mai daɗin ji, amma Masar cike take da ruhubanawan Kibɗawa, kuma zuwan rahibi fadar Alkamil ba baƙon abu ba ne. Shirun Larabawan ma hujja ce: da an yi wani abin kunya irin wanda ke bango, ko wani abin al'ajabi, da wuya a rasa wanda zai rubuta.

Kada kuma a ce na sauke wancan zane don in rataya na zamani. Tun daga ƙarni na 20 aka fara yi wa ganawar sabon fenti, aka mayar da Faransis jakadan sulhu, mai adawa da yaƙin Salibiyya, wanda ya je tattaunawar addinai irin ta otal-otal. Ana kafa hujja da wasiƙarsa ga masu mulki inda ya nemi a riƙa shelar yabon Allah kowace yamma, a ce kiran salla ne ya burge shi. Ana nuna wani ƙahon hauren giwa da ke cikin kayan tarihin cocin a ce kyautar sarki ce, alhali ruwayar Ernoul da ta Toma na Chelano sun haɗu a kan cewa bai karɓi dukiyar da aka yi masa tayi ba. Zancen kiran sallar ina iya saurara, amma gaskiyar magana Faransis ya je ne ya mayar da sarki Kirista, bai ɓoye ba. Darajarsa ita ce ya je da baki a lokacin da kowa ke zuwa da mashi, kuma ruwayoyin farko ba su ce ya zagi kowa ba. Wannan ya isa yabo, ba sai an ƙara gishiri ba.

In ana neman wanda aka tauye wa haƙƙi a wannan labari, Alkamil ne. Dimyaɗ na cikin ƙawanya, mutanensa na mutuwa da yunwa, wani daga sansanin maƙiya ya shigo yana ce masa ya bar addininsa, ya saurare shi kwana da kwanaki ya sallame shi lafiya. Dimyaɗ ta faɗi ranar 5 ga Nuwamba, 1219, 'yan dubbai kaɗan aka tarar da rai a cikinta. A 1221 Faranjawa suka nufi Alƙahira, ambaliyar Nilu ta rutsa da su kusa da Mansura, Masarawa suka buɗe madatsun ruwa, rundunar ta maƙale a taɓo. Yana da ikon ƙarar da su. Sai ya karɓi Dimyaɗ, aka ƙulla sulhun shekara takwas, ya dinga aika musu da burodi, dabbobinsu kuma da sha'ir. Oliba na Fadabon, malamin coci da ke cikin waɗanda aka ciyar, ya rubuta wannan da hannunsa yana jinjina masa. Wannan ba a zana shi a bangon kowa ba. A gida ma bai tsira ba: da ya miƙa wa Sarki Firedirik na 2 Ƙudus ta hanyar yarjejeniya a 1229, Musulmi na riƙe da harabar Masallacin Aƙsa, Sibɗu Ibnul Jauzi ya hau mumbari a Dimashƙa ya yi masa tatas.

Wa ya zana bangon ma? Jagoran 'yan yawon buɗe ido zai ce maka Jotto, yana bin Vasari, marubucin ƙarni na 16. Tun 1912 Bajamushe Friedrich Rintelen ya ce hannun da ya zana cocin Scrovegni a Faduwa wajajen 1305 ba shi ne wannan ba, Richard Offner ya ƙarfafa shi a 1939, aka shafe shekaru Italiyawa na cewa na Jotto ne, masanan Ingila da Amurka na girgiza kai. Bruno Zanardi, wanda ya yi aikin gyaran bangon da hannunsa, ya ƙirga yaɓen yini sama da 500, ya ce manyan masu zane uku ne suka jagoranci aikin, yana kuma ganin hannun mutanen Rum irin su Pietro Cavallini. Ni na fi karkata ga mai taɓa bango a kan mai karanta Vasari. Bangon kuma bai gama ba da mamaki ba, domin a 2011 masaniyar tarihi Chiara Frugoni ta hango fuskar shaiɗan ɓoye a cikin gajimaren zane na 20, bayan shekara ɗari bakwai ana wucewa ba a lura ba.

Ranar 26 ga Satumba, 1997, girgizar ƙasa ta afka wa Umbriya cikin dare. Daf da tsakar rana ana cikin duba ɓarna sai ta biyu ta zo, sassan rufin cocin sama suka rufto suka kashe mutum huɗu, 'yan ɗariƙa biyu da ma'aikatan adana kayan tarihi biyu. An tsince gutsattsarin zane kusan 300,000, aka zauna ana haɗa su ɗaya bayan ɗaya. An sake buɗe cocin a watan Nuwamba 1999, shekara guda kafin UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Zanukan tarihin Faransis 28 ba su faɗi ba. A gaban wannan coci ne Fafaroma John Paul na 2 ya tara shugabannin addinai don addu'ar zaman lafiya ranar 27 ga Oktoba, 1986, lokacin da ɗan Najeriya, Kadinal Francis Arinze, ke shugabantar ofishin Fadar Batikan mai hulɗa da sauran addinai. A 2019, da ganawar Dimyaɗ ta cika shekara 800, Fafaroma Faransis da Shehun Azhar Ahmad Aɗ-Ɗayyib suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi.

Wanda Allah ya kai shi Asisi, da shigarsa cocin sama ya dubi bangon hannun dama, zane na uku daga ƙofa. Aiki ne mai kyau, ya cancanci a tsaya a kalle shi da natsuwa. In jagora ya fara ba da labarin malaman da suka gudu, a tambaye shi cikin ladabi wanne daga cikin shaidun farko ne ya ga wutar.